Ciwon Kafinta da Gajiyar Malama

Duk layin an san ranar da Kafinta ya faɗi, domin bai faɗi a ɓoye ba. Da hantsi ne, yana tsakiyar yanka katakon ƙofar wani kabad a bakin shagonsa, sai ya saki zarto, ya dafe ƙirji da hannu biyu, ya zube a kan garin katako. Mai gyaran babur da ke maƙwabtaka da shi ya ce tun daga cikin rumfarsa ya ji ƙarar faɗuwar, abin ka da mutum mai jiki. Kafin a ce me an tare mota, an cicciɓe shi, an nufi babban asibiti. Likitoci ba su tsaya dogon bincike ba. Mutum ya zo yana zufa yana riƙe da ƙirji, ai ciwon ya faɗi sunansa da kansa. Suka ce bugun zuciya ne, wata jijiya ce ta toshe, suka zura siririyar waya ta hannunsa suka buɗe ta.

Kafinta ya haura sittin, ga tumbi, ga sigarin da kullum yake cewa ya daina, ga shi ba ya ganin nama mai kitse ya ɗauke kai. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda ta ƙare ƙarfinta tana koyarwa a firamare, ta yi faɗa har ta gaji. Ita siririya ce, ba ta cin maiƙo, tana shan ƙwayar ciwon sugarta a kan lokaci, kuma tun da suke tare bai taɓa ganin ta kwanta da rana ba. 'Ya'yansu biyu. Babbar, wadda yake kira Uwata don sunan mahaifiyarsa aka sa mata, tana aiki a shagon sayar da waya, tana gidan mijinta. Sai Auta, wanda ya yi gemu yana jan motar haya amma har yanzu Auta yake.

Da aka fito da Kafinta daga ɗakin kulawa ta musamman, aka kai shi ɗakin maza na ƙasa, gado na kusa da taga. Malama ta kafa sansani a gefensa a kan wata kujerar ƙarfe. Masu dubiya suka yi ta zuwa, shi kuma ya samu labarin da zai bayar.

"Kun san buhun siminti?" in ji shi. "To a ɗora maka uku a ƙirji, sannan wani ƙato ya hau kai ya zauna. Hannun nan na hagu kuwa kamar ba nawa ba."

Ya faɗa da safe, ya faɗa da yamma, buhunan suna ƙaruwa. Malama tana jinsa, tana zuba wa baƙi ruwa, tana amsa gaisuwa. Sai dai ya lura tana yawan kai hannu tana matsa muƙamuƙinta, wani lokaci ta miƙe ta danna tsakiyar bayanta da bango.

"Malama, lafiya?"

"Gajiya ce. Tun makon jiya nake jin jikina kamar an yi mini duka. Ga bayan nan."

Ya leƙa ƙasan kujerar da take kai, ya girgiza kai. "Kujerar ce. Wanda ya ƙera ta bai taɓa zama ba a rayuwarsa. Dubi jinginar, a miƙe kamar ƙofa."

Da aka kawo abincin rana ta ture nata gefe. Ta ce zuciyarta ke tashi.

"Ikon Allah," in ji Kafinta. "Ni tawa ta kwanta, ke taki tana tashi."

Har mutumin gado na gaba ya yi dariya. Tsohon direban babbar mota ne, karo na biyu ke nan zuciya tana kawo shi, don haka yana ɗaukar kansa shugaban ɗakin. Malama ma ta murmusa, ta ɓalli ƙwayar gyambon ciki da ta saya a kantin magani na bakin layinsu, ta tauna, ta share zufar goshinta da gefen mayafi. Fanka tana juyawa a kansu, ɗakin ba zafi. Kafinta ya ga zufar, ya ɗauka hidima ce ta yi mata yawa.

Washegari Malama ba ta zo ba.

Uwata ce ta shigo da kwandon abinci, idanunta sun ɗan kumbura. Ta ce Mama tana gida tana hutawa, ita ta hana ta fitowa. Kafinta ya ce hakan ya yi daidai. Da yamma Auta ya zo, yana ta wasa da makullin mota, ya ce Mama ta je wajen likitan haƙori.

"Yayarka ta ce tana gida."

"E, ai daga gidan ta tafi."

"Haƙorin ne har yanzu?"

"Shi ne, Baba. An ce sai an... sai an duba."

Rana ta biyu ma shiru. Ya ɗauki wayarsa ya kira ta. Uwata tana tsugune tana jera masa kaya a durowar gefen gado, sai ga kiɗan wayar Malama yana tashi daga cikin jakar Uwata. Su biyun suka tsaya suna kallon jakar har kiɗan ya ƙare.

"Ta ba ni ne in gyara mata," in ji Uwata. "Ba ta riƙe caji."

Ai kuwa aikinta ke nan. Amma maganar ba ta zauna masa ba. Shekara talatin da wani abu, ko zazzaɓi ya yi Malama ba ta barin gefensa, yau an taɓa masa zuciya ta tsaya gyaran haƙori? Ya shiga lalube a ransa ko ya yi mata wani laifi. Ya tuna kwalin sigarin da ya ɓoye a aljihun rigar aikinsa, rigar da aka tuɓe masa ranar da ya faɗi, wadda tabbas ita aka miƙa wa. Ya tuna wasan da ya yi mata a gaban mutane. Ko buhunan simintin ne suka ishe ta?

Direba, wanda kunnensa bai bar komai ya wuce ba, ya jingino ya ce, "Fushi ne, maigida. Ni na san wannan hanyar. Tsoro ne yake zame musu fushi. Tawa a karon farko sai da ta yi mako ba ta yi mini magana ba, wai don me zan nemi mutuwa ban yi shawara da ita ba. Ka bar ta ta huce."

Kafinta ya so ya yarda. Ya ma fara shirya kalmomin ban haƙuri. Sai dai fushin Malama ba na ƙaura ba ne, na tsayawa a kanka ne tana lissafa maka laifinka ɗaya bayan ɗaya kamar tana kiran sunayen 'yan aji. Kuma abincin da ake kawowa ba hannunta ba ne. Babu gishiri kamar yadda likita ta ce, amma ko rashin gishirin Malama ya san shi.

Nas ta umarce shi ya riƙa takawa a baranda kullum, daga ƙofar ɗaki zuwa wajen lif, na'urar hawa bene, ya dawo. A irin wannan tafiyar ce, yana jan silifa yana riƙe da ƙarfen bango, ya hango Auta a tsaye gaban lif. Auta bai gan shi ba. A hammatarsa akwai matashin kai mai riga shuɗiya, na Malama, wanda Kafinta ya sani kamar tafin hannunsa. A ɗaya hannun leda ce da tabaraunta na karatu a sama. Ƙofar lif ta buɗe, Auta ya shiga, fitilar ta nuna ya yi sama.

Kafinta ya daɗe a tsaye. Wata mai shara ta zo da tsumma ta ce, "Baba, ɗan matsa." Ya matsa. Ya tambaye ta me ke sama. Ta ce ɗakin mata masu ciwon zuciya, da ɗakin kulawa ta musamman. Ya yi godiya, ya koma gadonsa ya zauna, yana ta juya maganar. Wata ƙawarta ce aka kwantar, ta ba ta aron matashi? To tabarau fa, ana aron ido ne? Ko kuwa an rasa gado ne a wajen masu haƙori? Kowace amsa ya ɗauko sai ta karye a hannunsa.

Da Uwata ta shigo bai bari ta ajiye kwando ba.

"Uwata, zauna. Me uwarku take yi a bene na sama?"

Ta zauna a kujerar ƙarfen, ta rufe fuska da hannu. Da ta buɗe sai maganar ta zubo. Ranar da Mama ta bar nan da yamma, ba ta kai bakin ƙofar asibiti ba. Ta zauna a benci ta huta, ta kasa tashi, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Auta ya kai ta wajen gaggawa. Da farko an ce damuwa ce, mijinta na kwance, a ba ta abin da zai kwantar mata da hankali. Da aka ga numfashin bai daidaita ba aka yi gwajin zuciya da na jini. Likita ce ta ce kada a gaya wa Baba tukuna, tasa zuciyar ba ta gama warkewa ba.

"To me aka gani?"

"Bugun zuciya, Baba."

"Wa?"

"Mama."

"A'a, ba ki gane ba. Ni ne mai bugun zuciya. Sun haɗa takardunmu ne. Sunan gida ɗaya ne, irin wannan yana faruwa."

"Ba su haɗa ba. Kuma sun ce nata ya daɗe. Wataƙila ma ya riga naka."

Kafinta ya kalli Direba kamar shi zai warware masa. Direba ya juya fuska bango.

"Ya riga nawa," in ji Kafinta a hankali. "Ranar da na faɗi ita ta dafa mini shayi. Ita ta share tsakar gida. Yaushe ta faɗi ban gani ba?"

"Ba ta faɗi ba, Baba."

Ya ce a kai shi. Nas ta ce sai likita ta yarda, likita ta yarda da sharaɗin a tura shi a keken marasa lafiya. Auta ya tura shi, kansa a sunkuye, yana ta ba da haƙuri a kan ƙaryar haƙori.

Malama tana kishingiɗe a kan matasai, robar iska a hancinta, wayoyi sun fito ta wuyan rigar asibiti zuwa wani allo mai ƙyaftawa. Ta ƙanƙance a gadon. Da ta gan shi sai ta harari Auta.

"Wa ya ce ku taso shi? Ya sha maganinsa na rana?"

"Na sha," in ji Kafinta. Aka matsa da kekensa jikin gadon. Sai ya yi tambayar da ta fi damunsa. "Malama, ina ne ya yi miki ciwo?"

"Babu inda ya yi ciwo sosai."

"Ƙirjin fa? Ba ki ji an danne ki ba?"

"Ɗan ƙuna dai, kamar na gyambon ciki. Sai kasala. Ranar da nake shanya na ji hannuwana sun ƙi ɗaguwa, na zauna a bakin famfo har ya wuce."

"Ba ki gaya mini ba."

"Na gaya maka na gaji."

Gaskiya ne, ta faɗa. Amma Malama ta shekara talatin tana cewa ta gaji, tana faɗa tana ɗaukar tsintsiya. Ta yaya mutum zai bambance wannan gajiyar da sauran?

"Ni ma da na ji kana ba da labarin naka," in ji ta, "sai hankalina ya kwanta. Na ce to nawa ba shi ba ne, ni ban ga siminti ba." Ta yi 'yar dariya, tari ya katse ta. "Na ga sigarin, kada ka ɗauka na manta. Ina ajiye da maganar."

Likitar zuciya mace ce mai furfura kaɗan a gaban goshi, mai magana a nutse. Ta same shi a baranda kafin a mayar da shi ƙasa, ta jawo kujera ta zauna daidai tsayinsa.

"Likita, ki yi mini bayani kamar yaro. Ciwo ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya ne, Baba. Jijiya ta toshe, wani sashe na zuciya ya rasa jini."

"To a yi mata abin da aka yi mini."

"Mun buɗe jijiyar. Amma kai an kawo ka nan take, naman zuciyarka bai kai ga lalacewa ba. Ita ta yi kwanaki tana yawo da shi. Inda ya mutu ba ya dawowa. Zuciyarta tana aiki, sai dai ba ta turawa da ƙarfi kamar da."

"Amma ni ne mai shan sigari."

"Na sani."

"Ita ko man gyaɗa aunawa take yi da cokali."

"Ciwon suga yana cin jijiya a ɓoye, yana kuma iya rage jin zafin. Sannan mata da yawa ba ya zo musu yadda ya zo maka. Wasu suna jin ƙirjin, wasu sai muƙamuƙi, baya, tashin zuciya, gajiya. Su kan ɗauka wani abu ne, na gida su ɗauka wani abu ne, mu ma nan wani lokaci mukan ɗauka wani abu ne. Shi ya sa sau da yawa namiji yakan tashi, mace ta sha wuya."

"Wato da ta faɗi a titi kamar ni, da ya fi mata?"

Likita ta ce, "Da an kawo ta da wuri."

"To jikin ne daban, ko mu ne ba mu duba ba?"

"Duka biyun. Kuma akwai abin da har yanzu ba mu gama sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba."

Kafinta ya koma ƙasa da kai cike. Shi a sana'arsa katako mai tsagewa da ƙara shi ne mugu, mai shiru ana iya aiki da shi. Ya ba Direba labari, Direba ya ce shi dai a saninsa ciwon zuciya na maza ne, su ke ɗauke da duniya a ka. Ya faɗa ba tare da ƙarfin da ya saba ba, daga baya kuma aka ji shi a waya yana tambayar matarsa ko bayanta na ciwo.

An sallami Kafinta da farko. Gidan ya yi masa wani iri, bai san inda ake ajiye komai ba. Bayan wani lokaci aka sallamo Malama da leda cike da magunguna. Wasu ƙwayoyin iri ɗaya ne da nasa, wasu sun yi kama amma ba su ba ne, har sai da Uwata ta sayo robobi biyu, ja da fara, ta raba musu. Duk da haka Malama ce ke tuna masa nasa.

Mutane suka ci gaba da zuwa dubiya, wajensa. Su zauna a falo su ce, "Kafinta, ka tsallake rijiya, Allah Ya ƙara sauƙi." Sai su juya su ce, "Malama, sannu da jinya." Ita kuma ta amsa, ta yunƙura za ta kawo ruwa.

"Zauna," in ji shi. "Ita ce marar lafiyar. Nata ya fi nawa."

Baƙi su yi murmushi, su ce Allah sarki, ka ga mai tausayin iyali. Wata maƙwabciya ta ce ai dole, tashin hankalin faɗuwarsa ne ya taɓa ta. Ya ce a'a, nata ya riga nasa. Matar ta dube shi kamar maganin ya fara taɓa masa kai. Har shi kansa wani lokaci yakan yi shakka, idan ya ga Malama zaune tana tsince shinkafa a faranti, tabarau a karan hanci, tana gyara wa mai karanta labarai a rediyo nahawu. Wannan ce aka ce rabin zuciyarta ya gaji?

Asibiti sun ce su riƙa zuwa motsa jiki na masu ciwon zuciya. Sun je tare sau ɗaya. Ɗaki ne mai kekuna da injin tafiya, maza cike, ana ta raha ana gwada tabon hannu. Malama ce kaɗai mace, sai wata tsohuwa da ba ta sake dawowa ba. A hanyar gida ta ce ita ba za ta riƙa haki a gaban mazan mutane ba, ga shi kuma jikarta, 'yar Uwata, ana kawo ta gidan bayan makaranta, wa zai karɓe ta? Ya ce shi zai zauna ita ta je. Ta ce shi da ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Suka yi ta ja, ta fi shi baki kamar kullum. Shi ya ci gaba da zuwa.

Jikinsa ya yi kyau. Tumbin ya sauka, ya bar sigari da gaske, ya koma shago yana ƙananan ayyuka. Ita kuwa ƙafafunta suka fara kumbura, takalmanta suka daina shiga. Ba ta iya kwanciya a miƙe sai numfashi ya tsaya mata a wuya. Ya auna bayanta da tef ɗin aikinsa, tana yi masa tsiya wai ko akwati zai ƙera mata, ya haɗa mata majingini mai gangara, ya goge shi sumul, ya sa masa katifa. Ta ce wannan kam ya iya.

Aka koma asibiti, aka ƙara magani, aka rage, aka sake kwantar da ita, aka sallamo. Duk zuwa sai Kafinta ya tambayi likita ko ana samun ci gaba, ita kuma ta ce ana riƙewa. Bai san me riƙewa take nufi ba. Ya shiga tambayar Malama sau goma a rana.

"Me kike ji?"

"Gajiya."

"Wace iri? Irin ta da, ko irin waccan?"

"Baban yara, gajiya ba ta zuwa da lamba a goshi."

Idan ta taɓa kumatu sai ya miƙe yana neman makullin motar Auta. Sau biyu ya kwashe ta zuwa gaggawa aka ce babu sabon abu, ta dawo tana mita ya sa ta kunya. Ranar da abin ya zo da gaske kuma ba ta taɓa ko'ina ba. Da la'asar ce, ya dawo daga shago da wuri. Tana jingine a majinginin, jikarta ta tafi, littafin karatun yarinyar yana buɗe a cinyarta. Ta ce ya miƙo mata ruwa. Ya shiga kicin, ya ɗan daɗe yana neman kofin da take so. Da ya fito kanta ya karkata gefe, tabarau ya zame. Ya kira ta, ya sake kira. Ya tsaya da kofin a hannu yana jiran ta ce masa ba wannan ba ne.

Ba ta cika shekara da kwanciyarta ta farko ba.

Gida ya cika, ya rage, ya koma shiru. Uwata ta dawo da zama na ɗan lokaci. Kafinta yana karɓar gaisuwa a ƙofar gida, yana amsawa da baki, amma kansa yana wani wuri. Yakan tsinci kansa yana lissafi: shi ya sha taba, shi ya ci kitse, shi ya faɗi, shi aka yi wa addu'a. Lissafin ba ya fita ko ta ina ya fara. Wani ya ce masa lokaci ne, ya ce haka ne. Wani ya ce mata ba su da ƙarfin zuciya, ya buɗe baki zai yi musu, ya rasa da me zai fara.

Bayan an watse da kwanaki, wata safiya yana zaune shi kaɗai a kan benci, sai ga mota ta tsaya. Mai sayar masa da katako ne, wani dattijo daga can bakin gari, sun shekara ashirin suna hulɗa amma rabonsu da haɗuwa tun kafin rashin lafiyar. Ya fito yana gyara hula, fuska a sunkuye irin ta mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ya ɗago zai yi sallama, ya ga Kafinta. Ya ja da baya har ya bugi ƙofar motarsa.

"Kafinta? Kai ne?"

"Ni ne."

Mutumin ya kalli gidan, ya kalli Kafinta, ya sake kallon gidan. "An ce mini... A kasuwa aka ce an yi rashi a gidan Kafinta, ciwon zuciyar nan. Ni Malama na zo yi wa gaisuwa."

"Ita ce."

"Ita ce me?"

"Ita ce ta rasu."

"Amma kai ne ka faɗi. Har ni an ba ni labari."

"Ni ne na faɗi."

Mai katako ya cire hular, ya mayar. Ya zo ya zauna a ƙarshen bencin, ya yi addu'a, a tsakiya ya yi tuntuɓe da "shi" ya gyara zuwa "ita". Suka shafa. Sannan ya tambaya a hankali, "To me ya same ta?"

Kafinta ya fara bayani. Ya ce jijiya, ya ce suga, ya ce wai na mata ba ya zuwa da ƙara. Ya ji maganar likita tana fitowa daga bakinsa a karkace, ba yadda aka faɗa masa ba, ga mutumin yana gyaɗa kai alhali a fili yake bai gane ba. Sai ya bari.

Uwata ta leƙo ta ce, "Baba, lokacin maganinka ya wuce." Ta ga baƙo ta gaishe shi, ya rasa irin gaisuwar da zai yi mata, ya yi duka biyun, ta rashi da ta jiki. Kafinta ya ce masa ya jira, kada ya tafi, yanzu zai fito. Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya bi 'yarsa ciki.